Shoshone Point

Shoshone Point wani tsinin dutse ne da ya miƙe cikin kwazazzabon Grand Canyon ta bakin kudu, a jihar Arizona ta Amurka. Yana cikin gandun ƙasa da gwamnatin Amurka ta kafa a 1919, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 1979. Miliyoyin mutane ne ke ziyartar gandun kowace shekara, amma akasarinsu sukan cunkushe a Mather Point da makamantansa, inda mota ke kai mutum gab da bakin kwazazzabon. Shoshone Point kuwa sai da ƙafa, kuma wannan 'yar wahala ce ta tsare masa natsuwarsa.

Hanyar tana farawa daga titin Desert View, kaɗan a gabas da mararrabar hanyar Yaki Point, wani wurin kallon kwazazzabon. Akwai ɗan fili na ajiye motoci da wata ƙofar ƙarfe a kulle, ba wani babban allo da zai ja hankalin mai wucewa, shi ya sa da yawa ke wuce ta ba su sani ba. Bayan ƙofar, turbar ƙasa ce mai faɗi, kusan shimfiɗaɗɗiya, tsawonta kimanin kilomita 1.6, wato kilomita 3.2 zuwa da dawowa. Tana ratsa dajin dogayen itatuwan ponderosa masu inuwa, inda akan ci karo da barewa da manyan danginsu da ake kira elk, waɗanda bai kamata a matsa kusa da su ba. Sai dai wurin yana da tudu, fiye da mita 2,000 sama da teku, don haka baƙo kan ji numfashinsa na yi masa nauyi ko da hanyar ba hawa sosai.

Kwazazzabon ba ya bayyana sai daf da ƙarshen tafiya. Itatuwa suna yankewa, ƙasa ta buɗe. Tsinin kansa farin dutse ne da ake kira Kaibab, wanda ya samu a ƙarƙashin wani tsohon teku kimanin shekara miliyan 270 da suka shuɗe, kuma a kansa akwai wani ginshiƙin dutse tsaye shi kaɗai, wanda ya zama alamar wurin. Daga nan ana hango tsaunukan Vishnu Temple da Wotans Throne a tsakiyar kwarin, da launukan duwatsu jere hawa-hawa, ja da fari da ruwan toka, har zuwa inda Kogin Kolorado ya yi ta sassaƙa ƙasa shekaru aru-aru. A gaskiya samun wurin da mutum zai zauna ya ƙare wa irin wannan girma kallo, ba hayaniya ba turereniya, abu ne mai wuya a bakin kudu.

Babu shingen kariya a tsinin, kuma gefensa rami ne mai zurfin gaske. Mai tafiya da yara ya riƙe hannunsu. Ba ruwan sha, sai wanda mutum ya ɗauko. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da tsawa, kuma fili irin wannan ba wurin tsayawa ba ne idan aradu ta fara. A lokacin sanyi ƙanƙara kan rufe hanyar, duwatsun su yi santsi.

Kusa da bakin akwai rumfa da tebura da wuraren gasa nama da bandaki. Hukumar gandun tana ba da izini a keɓe wurin don ɗaurin aure ko taron dangi a watannin ɗumi, kuma masu izinin ne kaɗai ake buɗe wa ƙofar su shiga da mota.