Mugunya, kaluluwa da zazzaɓi: yadda ake kwasar 'yan kallo tsakanin bakteriya da fararen ƙwayoyin jini

Da kaka ta yi, asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukan Kano da Jigawa ba sa rabo da mai yankan lauje a yatsa ko mai ƙaya a dunduniya. Wani ciwon kwana uku ya kame, wani ya kumbura ya tara mugunya, wani kuwa sai ya kai mutum ga kwanciya. Abin da ke raba su shi ne yadda ta kaya tsakanin bakteriyar da ta shiga, wato ƙwayar cuta da ido ba ya gani, da fararen ƙwayoyin jinin da suka tare ta.

Lauje ya yanke ni a gonar gero, ƙasa ta shiga ciwon. Me ke faruwa a ciki?

A ƙarƙashin fata akwai wasu manyan fararen ƙwayoyi da ke zaune dindindin, ana ce musu makurofaj. Bangon jikin bakteriya na ɗauke da sinadaran da babu irinsu a jikin ɗan Adam, da su makurofaj ke gane baƙuwa. Tana ganewa sai ta kewaye ta, ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka, ta zuba mata ruwan narkarwa. Nan take kuma ta saki sinadaran neman agaji. Su ke sa ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe, ruwa ya riƙa tsattsafowa, shi ya sa yatsa ke yin ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya yi ta zogi.

Cikin 'yan sa'o'i sai wasu da ake kira niyutirofil su iso, suna kutsowa ta bangon jijiya. Su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kuma ɓargo na ƙera kusan biliyan 100 a kullum, don ba su da tsawon rai. Cikin abin da suke kisa da shi har da ɗan uwan sinadarin bilicin wanki, wanda jiki ke haɗawa da kansa. Wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, shi ya fito da bayanin wannan haɗiya a 1882, bayan ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata halittar teku, ya ga ƙwayoyi sun yi wa ƙayar caa. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1908.

To mugunya fa, ita ce cutar?

Yawancinta gawarwakin niyutirofil ne, gauraye da bakteriya matattu da masu rai da naman da ya narke. Bakteriyar da ta fi kawo maruru, sitafilokokus, tana zaune lafiya lau a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku. Idan ta samu ƙofa ta shiga nama, sai ta saki dafin da ke huda niyutirofil, ta kuma daskarar da ruwan jini kewaye da kanta. Magani ba ya ratsa irin wannan tarin da kyau, shi ya sa marurun da ya nuna sai an fasa shi. Amma a bar wa ma'aikacin lafiya ya fasa da kayan da aka tsabtace. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kuwa, kada a matse shi ko kaɗan, jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Ciwo a ƙafa, amma kaluluwa ta fito a matsematsi. Ina haɗinsu?

Can ne matattarar fararen ƙwayoyin jini. Wasu ƙwayoyi na kwasar gutsattsarin bakteriyar daga bakin ciwo su kai su can, a nuna wa wani rukunin fararen ƙwayoyi mai suna limfosait. Wadda ta dace da wannan bakteriya sai ta hayayyafa, wurin ya kumbura, a fara ƙera antibodi, wato sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta su yi mata shaida. A karon farko wannan na cin mako guda ko fiye. Ciwo na warkewa kaluluwa ke sacewa. Wadda ta zauna a wuya makonni ba zafi, a je a yi gwajin tarin fuka.

In jiki na da wannan shiri haka, yaya tarin fuka ke cin mutum shekara da shekaru?

Nan ne abin ya fi ɗaure kai, don ƙwayar tarin fuka haɗiyar ma ba ta dame ta ba. Tana shiga huhu ta numfashi, makurofaj ta haɗiye ta kamar kullum, sai ta hana jakar da aka saka ta haɗuwa da ruwan narkarwa. Ga kuma bangonta mai kauri da maiƙo. Sai ta zauna cikin wadda aka turo ta kashe ta, tana hayayyafa, kamar ƙwaron wake da aka ɗinke buhu da shi a ciki. Da jiki ya ga abin ya gagara, sai ya tara wasu ƙwayoyi su yi wa wurin ƙawanya, ya zama ɗan ƙulli. A haka za ta iya lafewa shekaru, mutum na noma, yana cin kasuwa, ba tari, ba ya kuma yaɗa ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka kamun ne kawai ke kwanciya a tsawon rayuwarsu. Yunwa, ƙanjamau, ciwon suga ko tsufa su ke raunana ƙawanyar. Sai tsakiyar ƙullin ta narke, ta fashe cikin hanyar iska, huhu ya yi rami, tari ya taso da gumin dare da rama.

Ga wani abu kuma. Wata bakteriyar hanji cikin minti 20 take rabuwa biyu, ita ta tarin fuka kuwa sai ta yi sa'a 15 zuwa 20. Magunguna sun fi kama ƙwayar da ke cikin rabuwa, waɗanda suka lafe sai a hankali. Dalilin da ya sa ake shan maganin tarin fuka wata shida ke nan. Abin da ke ba ni takaici shi ne magidancin da ya sha wata biyu, tari ya tsaya, ya ga ya murmure, ya kama hanyar ci-rani ya bar sauran maganin a kan taga. Bai ma saya da kuɗinsa ba, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Waɗanda suka rage a huhunsa su ne masu taurin kan. Ƙwayar taifot ma da irin wannan dabara take tafiya: makurofaj ke ɗaukarta zuwa hanta da saifa da ɓargo, a wasu mutane kuma ta maƙale a matsarmama bayan sun warke, su ci gaba da fitar da ita a bayan gida.

Sanƙarau kuma me ya sa ba ya jira?

Ƙwayarsa ba ɓuya take yi ba, riga ce da ita mai santsi, ta wani irin sukari, wadda ke hana fararen ƙwayoyi damƙarta sai in antibodi ya riga ya manne mata. Mutane da dama na ɗauke da ita a maƙogwaro ba ciwo. Idan hunturu da ƙura da zafin bazara suka busar da maƙogwaro, ga cunkoson ɗakin kwana, sai ta ratsa cikin jini ta haura kai. Jiki na buƙatar mako, ita kuwa cikin kwana ɗaya tana iya kisa. Wannan tazarar ce rigakafi ke cikewa, antibodi na nan tun kafin ta zo. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai tare nau'i biyar, bayan ɓarkewar da ta taɓa Jigawa da Bauchi da Yobe.

Iyayen yara masu sikila su lura a nan. Saifa ce ke tace irin waɗannan masu riga daga jini, sikila kuwa na lalata ta tun yaro na ƙarami. Zazzaɓin mai sikila ba a kwana da shi a gida.

Zazzaɓi daga cutar yake ko daga jiki?

Daga jiki. Sinadaran neman agajin nan ne ke isa ƙwaƙwalwa, ta ɗaga zafin jiki, abin da ke rage wa wasu bakteriya saurin haihuwa. Matsalar ita ce idan bakteriya ta bazu cikin jini, abin da ya faru a yatsa ɗaya sai ya faru ko'ina lokaci guda: jijiyoyi su buɗe, ƙarfin tafiyar jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Mai jego ko jaririn da ke numfashi sama-sama, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, ko jinjiri ya ƙi kama nono, a nemi mota ko babur a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Kafso biyu daga kemis ba za su wadatar ba?

Wasu magungunan kashe bakteriya suke, wasu kuwa hana ta haihuwa kawai suke yi, fararen ƙwayoyi su ƙarasa. Kafso biyu na iya sauke zazzaɓi ba tare da aikin ya ƙare ba. Mura da ƙyanda kuma ba bakteriya ke kawo su ba, kafso ba ya taɓa su. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023, ya fi ma wuyar sha'ani, don dafin da ƙwayar ta riga ta saki ne ke taɓa zuciya da jijiyoyi, kafso ba ya karya shi, sai allurar karya dafi a asibiti. Kariyarsa tana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14.