Kiran gaggawa a netwok ɗin kamfani, ina yake zuwa?

Wai menene netwok mai zaman kansa ɗin nan?

Shi ne wanda ma'aikata ke kafa wa kanta, eriyarta daban, SIM ɗinta daban, irin na wurin haƙar ma'adinai ko tashar jiragen ruwa ko layin dogo. Mutumin gari ba ya hawa kai.

To in ma'aikaci ya danna 112, lambar kiran gaggawa, fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Wayoyi sun san 112 da 911 tun daga masana'anta, ko allon a kulle yake za ka iya kira. Amma da yawa daga netwok ɗin kamfanoni data kawai suke ɗauka, ba a jona su da layukan waje ba, sai wayar ta koma laluben sabis na gari, to a cikin rami ko tsakiyar daji ina za ta samu? Mutum na kwance yana zubar da jini wayar kuma tana ta juyi. Ni dai a ganina kiran ya fara faɗawa ɗakin masu kula da wurin, su ne suka san wace ƙofa ce ta fi kusa da inda motar asibiti take, sannan su miƙa wa hukuma.

In layi ya cika wa ake fara saurara?

Akwai matakai. A 4G daga 1 ne zuwa 15, na 1 shi ne babba, kuma ana iya ba shi ikon ture na ƙasa da shi. A GSM-R, wato netwok ɗin jiragen ƙasan Turai, direba na danna jan maɓalli kiran ya fita a mataki na 0, ya katse sauran hira, mai kula da zirga-zirga da duk direbobin yankin su ji a lokaci ɗaya.

Ke nan ana iya yanke min kira ina tsaka da magana?

Ƙwarai, kuma daidai ne wallahi, bidiyon da kake saukewa zai iya jira.

Gwamnatoci ma suna da irin wannan?

Amurka na da FirstNet, netwok na masu ba da agajin gaggawa, dokar 2012 ce ta samar da shi, kamfanin waya na AT&T ya karɓi aikin a 2017, 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu motar asibiti ne ke da fifiko a kai.

Ma'aikaci me zai tambayi ogansa?

Wace lamba zan kira, waye ke ɗauka ƙarfe biyun dare, in an ɗauke wuta batirin eriyar awa nawa yake kaiwa, kuma yaushe aka gwada kiran daga can ƙasan ramin.