Ɗaukar hoton baƙaƙen tabon rana da ƙaramar na'urar hangen nesa: tambayoyi da amsoshi

Ƙaramar na'ura za ta iya nuna tabon da ke jikin rana kuwa?

Ƙwarai. Faɗin rana ya kai kimanin kilomita miliyan 1.39, wato ninki 109 na faɗin duniyarmu, kuma ba abin mamaki ba ne tabo guda ya kai girman duniya ko ya fi. Na'ura mai baki milimita 60 zuwa 80 ta isa ta nuna shi, har ka bambance baƙar cibiyarsa da toka-tokan gefe mai zare-zare.

Tabon ba rami ba ne. Wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru ya hana zafin ciki tasowa. Zafin fuskar rana kimanin digiri 5,500 ne a ma'aunin Selsiyas, cibiyar tabo kuwa ba ta kaiwa 4,000 galibi, shi ya sa take yin baƙi a tsakanin abin da ya fi ta haske. George Ellery Hale ne ya tabbatar da wannan maganaɗisu a 1908, a Mount Wilson da ke Amurka.

Me zan fara saya, na'ura ko kamara?

Matacin haske, wanda ake sawa a bakin na'ura ta gaba, kafin haske ya shiga. Na'urar hangen nesa aikinta tara haske wuri guda. In babu mataci, kafin ka ƙifta ido ta ƙone maka bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi, balle ya gargaɗe ka. Ɓarnar ba ta gyaruwa.

Ɗaya daga cikin amintattu masu araha shi ne fallen Baader AstroSolar mai lamba 5.0, wanda ke rage haske ninki 100,000. Ana samun sa a girman takardar A4. Akwai mai lamba 3.8, amma na kamara ne kaɗai, kada a taɓa kai masa ido. Sabon shiga ya tsaya a 5.0, ya ishe shi kallo da hoto.

Marfin da kanka za ka haɗa. Yanka zobe biyu na kwali mai kauri, ramin tsakiyarsu daidai bakin na'urar. Shimfiɗa fallen tsakaninsu, ka manne da salatif mai fuska biyu. Kada ka ja shi ya ɗame: 'yar tattara ba ta ɓata hoto, ɗamewa ce ke ɓatawa. Sai ka naɗa wani kwalin ya zama hula mai zurfin santimita 5 da za ta kama bututun sosai, ka manna zoben a kai. Bayan ka ɗora, ƙara salatif a wuri uku, don iska ko hannun yaro kada su cire shi kana tsakar kallo. Duk ranar da za ka yi amfani da shi, ka ɗaga fallen gaban ƙwan lantarki. In ka ga huda ko yagewa, jefar da shi.

Baƙin tabarau, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, faifan CD, gilashin da aka turara da hayaƙi, duk babu mai tsare ido. Tabarau na kallon husufi mai lambar ISO 12312-2 na ido tsirara ne, ba a leƙa na'ura da shi. Mafi haɗari shi ne ɗan baƙin gilashin nan da ke zuwa da wasu na'urori masu araha, wanda ake ɗaurawa a wurin sa ido. Yana zaune daidai inda zafi ke taruwa, yakan fashe ba zato. Ƙaramin madubin saiti da ke kan bututu kuma a rufe bakinsa ko a cire shi gaba ɗaya.

In hazon hunturu ya dusashe rana, ai ana iya kallo haka nan?

A'a. Ƙura tana rage hasken da ido ke gani, har ranar ta daina kashe ido, amma ba ta da tabbas wajen tare hasken da ba a gani, kuma kaurinta kan sauya cikin minti guda. Mataci yana nan daram, hazo ko ba hazo. Ga hoto, hazo mai kauri yana wanke bambancin baƙi da fari, ƙurar kuma tana bin kowace kafa ta sauka kan sensar kamara, wato ɗan farantin ciki da ke kama hoto. Kada ka buɗe kamara a tsakar gida, haɗa komai a ɗaki.

Ta yaya zan samo rana ba tare da na dube ta ba?

Dubi inuwar bututun a ƙasa. Juya shi har inuwar ta tsuke ta zama da'ira mafi ƙanƙanta, ranar na ciki ko dab da shiga. In maɗorin na'urar ba shi da injin bin rana, za ta riƙa zamewa da faɗin kanta duk minti biyu, sai ka dawo da ita.

Wace kamara?

Waya da maƙalin da ke riƙe ta a wurin sa ido tana kama manyan tabo, matuƙar ka kulle fokas, wato saitin kaifin hoto, ka rage haske da hannu. Kamara mai cire gilashi ta fi: haɗa ta kai tsaye da bututu, fara da ISO 100 (saitin ƙarfin kama haske na kamara) da saurin 1/1000 na sakan, ka gyara daga nan. Ƙwararru kuwa ƙaramar kamarar bidiyo mara launi suke haɗawa da kwamfuta, irin su ZWO ASI174MM, domin tana ɗaukar hoto sama da 100 a sakan guda.

Kafin saye, yi ɗan lissafi. Raba tsawon fokas ɗin na'urarka (nisan da ke tsakanin gilashinta da inda haske ke taruwa, a milimita) da 108, abin da ya fita shi ne faɗin rana a kan sensa. Milimita 400 zai ba ka kimanin 3.7, milimita 900 kuma 8.3. Gajeren gefen sensar waccan kamara kimanin milimita 7 ne, saboda haka da na'ura mai 900 ranar ba za ta shiga gaba ɗaya ba, sai dai ɓangare-ɓangare.

Na sa mataci, na daidaita fokas, amma hoton dishi-dishi yake. Laifin na'ura ne?

Da wuya. Iska ce. Rawar nan da kake gani a saman kwalta da tsakar rana, ita ce ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, na'urar kuma ta ƙara girmanta. Ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi na tashi tana cakuɗa da mai sanyi, haske na lanƙwashewa. Babu kuɗin da ke sayen maganin wannan, kuma a ganinmu wanda ya iya zaɓen lokaci da wuri da na'ura mai baki 80 ya fi mai 150 da ya kafa ta kan siminti da azahar.

Lokaci mafi kyau galibi awa ɗaya zuwa biyu ne bayan fitowar rana. Ta ɗaga daga kaurin iskar ƙasa-ƙasa, ƙasa kuma ba ta gasu ba tukuna. A Kano, Sakkwato ko Damagaram rana kusan miƙe take hawa, wajen digiri 15 a awa, don haka wannan dama ba ta daɗewa. Kafa na'ura kan ciyawa ko ƙasa mai laima, kusa da ruwa in akwai. Kada layin hangenka ya bi ta saman rufin kwano, ko inda janareta ke huci. Lulluɓe bututu da farin ƙyalle don kada cikinsa ya ɗau zafi.

Fokas ma yana yaudara, domin allon kwamfuta ba ya ganuwa a rana. Sa kwamfutar cikin kwali, ka shigar da kai. Girmama hoton a allo, ka daidaita a kan gefen rana ko ƙaramin tabo. Sake dubawa duk minti 15, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi, fokas na gocewa.

To ta yaya masu hotuna masu kaifi suke yi?

Ba hoto ɗaya suke ɗauka ba. Iska takan lafa na ƙiftawar ido, sai a ɗauki dubbai a tsince na lokacin lafawar. Da manhajar SharpCap ko FireCapture, ɗauki bidiyo a tsarin SER. Kowane hoto kada ya wuce milisakan 5, don a daskarar da rawar. Ma'aunin haske ya tsaya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. In ya cika, abin da ke wurare masu haske ya ƙone ke nan. Hoto 2,000 zuwa 3,000 cikin sakan 30 ya wadatar. Tanadi wuri, domin irin wannan bidiyo ɗaya yana cin wajen gigabait 7.

Buɗe shi a manhajar AutoStakkert, ta jera hotunan bisa kyau, ka ce ta haɗe kashi 10 zuwa 20 na sama. Ranar da iska ta yi muni, sauko zuwa kashi 5. Abin da zai fito laushi-laushi ne, sai a kaifafa shi a manhajar ImPPG ko RegiStax. A nan yawancin mutane ke wuce gona da iri. Da ka ga farin zobe ya kewaye tabo, ko gefen rana ya yi layi mai ƙyalli, ka zarce, koma baya. Ruwan ɗorawar da ake gani a hotuna daga baya ake shafa shi, ta wannan falle rana fara ce.

Me kuma zan gani ban da tabo?

Gefen rana ya fi tsakiya duhu, kuma a can gefen ake ganin fararen faci masu haske kusa da tabo. Da na'ura mai baki 100 zuwa sama da iska mai kyau, fuskar rana kan fito kamar gero da aka baza a tabarma. Kowace ƙwaya dunƙulen gas ne mai tasowa, faɗinta wajen kilomita 1,000, takan watse cikin kimanin minti 10. Koren mataci na nanomita 540 da ake ƙarawa a gaban kamara, tare da na gaba ba a madadinsa ba, yana fito da su sosai.

Harsunan wuta na gefen rana kuwa ba sa fitowa da wannan kaya. Suna buƙatar na'ura ta musamman mai tace jan hasken haidurojin na nanomita 656.3, irin ta Lunt ko Coronado, kuma tsadarta daban ce. Matacin haidurojin na hoton taurarin dare ba ya wannan aiki, ba kuma ya kare ido.

Yaya zan bambance tabo da datti?

Girgiza na'urar kaɗan. Tabo yana tafiya tare da rana, ƙura tana tsaye a allo. Don share ƙura daga hoto, kai kamara tsakiyar rana, ɓata fokas har komai ya baje, ɗauki hoto 200, ka ba manhajar ta yi gyara da su. In ana shakka, duba hoton ranar daga kumbon SDO na NASA a intanet.

Kullum ake samun tabo?

Yawansu na hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11, abin da Heinrich Schwabe na Jamus ya gano a 1843. Zagaye na 25 ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA, hukumar nazarin yanayi ta Amurka, suka sanar cewa an shiga ganiyarsa. Daga nan sai raguwa a hankali, har a kai shekarun da za a yi makonni babu ko ɗaya. Manyan rukunai dai sukan ɓullo ko a lokacin sauka.

Tabo yakan ɗauki kimanin kwana 13 zuwa 14 daga gefen gabas zuwa na yamma, saboda juyawar rana. Ɗauki hoto kowace safiya, ka rubuta kwanan wata da lokaci a agogon duniya na UT, wanda Najeriya da Nijar ke gabansa da awa ɗaya. In kana son ƙirga irin ta masana, ninka yawan rukunai sau 10 ka tara da yawan tabo ɗaiɗaiku: rukuni 3 masu tabo 14 sun ba da 44. Cibiyar SILSO da ke Beljiyam ce ke tattara irin wannan ƙirga daga masu lura a ƙasashe daban-daban, da yawansu ba ma'aikatan kimiyya ba ne, kuma da alƙalumanta na kullum za ka gwada naka.