Idan aka daina amsa wa mutum sallama: tambayoyi da amsoshi kan shariya da wariya

A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai hukuncin da ake yanke wa mutum ba tare da an je gaban mai unguwa ko alƙali ba, wato shariya, a share shi a daina kula shi. Da yawa ba su ɗauke shi cutarwa ba, tunda ba a taɓa lafiyar kowa ba.

Ba zagi ba duka, don an ƙi kula mutum kawai sai a ce an cuce shi?

An cuce shi. Ɗauki amaryar da aka kawo babban gida. Facaloli suna tsakar gida ana surfe ana shewa, tana fitowa da kwanonta hira ta mutu. Ta ce "sannunku da aiki," ɗaya ta ce "uhm" ba ta ko ɗago kai ba. Ranar da za a tafi barka maƙwabta, sai dai ta ji ƙarar ƙyauren langa-langa, ta leƙo ta tarar gida wayam. Zagi ana iya maimaita shi a gaban maigida a bi kadi. Wannan kuwa ba shi da shaida. In ta kai ƙara, amsa ɗaya ce: "Yo ni me na ce mata?" Daga nan sai ita kanta ta fara kokwanto, ko dai ita ce mai ƙorafi. Wannan kokwanton yana cikin abin da ya fi cin rai.

Masana sun taɓa auna wannan ciwon, ko dai faɗa ce kawai?

Sun auna. Kipling Williams, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Purdue a Amurka, ya fito da wani wasan kwamfuta mai suna Cyberball, aka wallafa sakamakon farko a 2000. Ana ce wa mutum zai yi jefa ƙwallo da wasu biyu ta intanet. Su jefo masa sau ɗaya ko biyu, sai su ci gaba da jefa wa junansu, shi yana kallo. 'Yan mintuna ne, kuma bai san su ba, amma da aka tambayi mutanen sai aka tarar ransu ya ɓaci, suna jin ƙimarsu ta ragu. A 2004 aka sake gwajin, aka gaya wa wasu ƙarara cewa ba mutane ba ne, na'ura ce. Duk da haka suka ji zafi.

A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 13 suna cikin wannan wasa. Da aka ware su, sai wani sashe da ke motsawa idan mutum yana jin azabar ciwon jiki ya motsa. Masana suna ta muhawara kan iyakar kamannin ciwon biyu, sai dai ba a musun cewa zafin yana zuwa nan take, tun kafin mutum ya ce wa kansa "ina ruwana da su."

Me take taɓawa a cikin mutum?

Williams ya ce abu huɗu: jin cewa kana da jama'a, ganin ƙimar kanka, jin cewa kana da ta cewa a al'amuranka, da jin cewa zamanka a duniya yana da ma'ana. Da farko mutum yakan yi ta ƙoƙarin a karɓe shi. Za ka ga ya cika bin mutane da gaisuwa, yana kyautar da ta fi ƙarfinsa, yana dariyar abin da bai ba shi dariya ba. Wani kuma zuciya ce ke ɗibarsa, ya zama mafaɗaci, don ko da faɗa a san yana wurin. In abin ya daɗe sai ƙarfi ya ƙare, mutum ya shige ɗaki ya ja labule. A nan ciwon damuwa yake samun ƙofa. Mutanen gari kuma su ce "ai dama ba shi da son mutane," sun manta wa ya fara juya baya.

Addini ya san da wannan?

Sosai. Labarin Ka'ab bn Malik da ke cikin Bukhari da Muslim ya isa. Shi da Murara bn Rabi'u da Hilal bn Umayya sun ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ba tare da uzuri ba, Annabi (SAW) ya hana a yi musu magana har kwana 50. Ka'ab ya ce yakan zaga kasuwa ba mai tanka masa. In ya yi wa Annabi sallama bayan salla, sai ya riƙa tambayar kansa ko leɓɓansa sun motsa da amsa ko ba su motsa ba. Ya haura gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so, ya yi sallama bai amsa ba, ya juyo yana hawaye. Aya ta 118 ta Suratut Tauba ta ce ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata.

Akwai wani wuri a labarin da ya kamata iyayen samari su lura da shi. Ana cikin haka wasiƙa ta zo wa Ka'ab daga sarkin Gassan, wai ya ji an wulaƙanta shi, ya taho a karrama shi. Ka'ab ya jefa ta a tanda. Ba kowane yaro ne zai ƙona irin wannan wasiƙa ba. Saurayin da aka yanke wa ciyayya a gida, majalisa ta daina matsa masa wuri a tabarma, 'yan shaye-shaye ne sukan fara ce masa "taho nan."

Wancan hukunci ne na Annabi, da dalili da wa'adi. Mu abin da aka bar mana shi ne hadisin Abu Ayyub Al-Ansari: bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri. Mai mata fiye da ɗaya kuma aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta hana shi karkata gaba ɗaya ya bar ɗaya a rataye, ita ba mai miji ba, ita ba sakakkiya ba.

To kunyar ɗan fari fa? Ita ma shariya ce?

Da bambanci. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, kowa ya san kara ce, kuma galibi akwai kaka ko gwaggo da ke nuna masa gata a fili. Matsala tana zuwa idan ba a samu mai cike gurbin ba. Gwajin da Edward Tronick, masanin halayyar yara a Amurka, ya yi a shekarun 1970 ya nuna cewa in uwa ta daskare fuskarta na ɗan lokaci kaɗan, jariri yakan yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in ba a kula shi ba ya kau da kai ya fashe da kuka. Jariri bai san al'ada ba.

A ƙauye su wa abin ya fi faɗa wa?

Matar da ta samu yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, wadda ake ware wa kwano da tabarma. Tsohuwar da aka jefa da maita, yara suna canza hanya in sun hango ta. Mai farfaɗiya, wanda ake gudu bisa kuskuren cewa ana ɗauka. Bora da 'ya'yanta. A birni in unguwa ta ƙi ka, kana da wurin aiki ko wani masallacin. A ƙauye rijiya ɗaya ce, masallaci ɗaya, kuma waɗanda suka daina gaishe ka su ne za ka kira gayya, su ne 'yan adashinku, su ne za su ɗauki gawarka. Shi ya sa nake ganin saniyar ware a ƙauye ta fi ta birni shan wuya nesa ba kusa ba.

Yoyon fitsari dai ana yin aikinsa. A Babban Asibitin Jahun likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna yi tun 2008, a Kano kuma akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala.

Yana kaiwa ga lafiyar jiki?

Yana kaiwa. A 2010 Julianne Holt-Lunstad, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, ta haɗa bincike 148 na mutane sama da 300,000, ta tarar masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi marasa ita damar kasancewa a raye da kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bibiye su. Ajali na Allah ne, amma wannan sababi ne. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici.

Wanda abin ya same shi, ko ya ga ana yi wa wani, ya zai yi?

Ba sai gari duka ya dawo ba kafin mutum ya samu sauƙi. Mutum ɗaya da zai amsa gaisuwa da fara'a, ko maƙwabciyar da za ta aiko yarinya ta ce "Inna ta ce ki shirya mu tafi suna," yana rage nauyi sosai. Wanda aka ware kada ya yanke ƙafa daga jam'i ko Islamiyya, kuma ya nemi dattijo ko liman ya faɗa masa abin da ake yi dalla-dalla, da rana da wuri, tunda abin ba shi da tabon nunawa.

In kuwa an kai ga mutum ya yi sati biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to kada a tsaya a kan "yi haƙuri." Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshi da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibitin da ya fi kusa. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da kuma Kazaure.