Kwaikwayon masana'antar ƙarfe a kwamfuta

Kwaikwayo a kwamfuta wata dabara ce da injiniyoyi ke gina masana'anta sukutum a cikin manhaja, da tanderunta da tukwanen ɗaukar narkakken ƙarfe da injinan ƙugiya masu ɗaga su, sai a sake ta tayi ta aiki, aikin wata guda ya ƙare cikin ƴan mintuna, a ga inda aiki ke cushewa tun ba'a kashe ko sisi ba.

Abin ba sabo bane fa, kuma kusan a gidan ƙarfe aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1950 K. D. Tocher ya rubuta manhajar GSP lokacin yana aiki da kamfanin United Steel a Ingila, sannan a 1961 Geoffrey Gordon na kamfanin kwamfuta na IBM ya fito da tasa manhajar, GPSS. Yanzu akwai manhajoji irin su Arena, AnyLogic da FlexSim.

Dalilin da yasa ƙarfe ya fi buƙatar wannan shine narkakken ƙarfe baya jira. Yana fitowa daga tanderu da zafin digiri 1600 da ɗoriya a ma'aunin Celsius, kuma duk mintin da tukunya tayi a tsaye tana jiran ƙugiya zafin sauka yake, in ya sauka da yawa dole a sake ɗumama shi, ga asarar lantarki ga ɓata lokaci, in kuma tukunyar ta makara har injin zuba ƙarfe ya yanke to shikenan, sai an sake shirya injin daga farko. Shi yasa sau tari manaja zai rantse tanderu ne yayi kaɗan, a gwada a kwamfuta a tarar ƙugiya biyu ne ke kan layin dogo ɗaya suna tare wa juna hanya. Gyara jadawali ko ƙara tukunya ɗaya sai ya wadatar.

Duniya ta samar da kusan tan biliyan 1.9 na ƙarfe a 2023, fiye da rabi daga Sin, don haka mintuna kaɗan a kowane zubi ba ƙaramin kuɗi bane.

Wahalar dai tana wajen bayanai. Dole a tattara ainihin lokutan aiki da na lalacewar inji, a fara gwada manhajar da aikin watannin baya a ga ko lissafinta ya zo daidai. Wasu na tsallake wannan matakin saboda gaggawa, hoton na motsi a allo gwanin kyau amma alƙaluman da ke ƙarƙashinsa ƙirƙira ce.