Janaretan Inbata na Tafi-da-Gidanka

Janaretan inbata ƙaramin injin samar da wutar lantarki ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka da hannu, wanda masu yada zango a daji, masu kwana a tanti da matafiya masu doguwar hanya suke amfani da shi a wuraren da babu layin wuta. Yawancinsu suna shan fetur ne, ƙarfinsu kuma yakan kama daga wat 1,000 zuwa 3,000. Abin da ya raba shi da janareta na gargajiya abu ɗaya ne: ba ya miƙa wutar da injinsa ya haifar kai tsaye zuwa soket, sai ya rushe ta ya sake gina ta tukuna. Daga wannan dabara ce sauran halayensa suka samo asali, wato rashin ƙara, tattalin mai, rashin nauyi da tsabtar wuta. Kamfanonin Japan, musamman Honda da Yamaha, su ne suka yaɗa irinsa a kasuwannin duniya tun daga ƙarshen shekarun 1990.

Matsalar da ya zo ya warware

Tushen kowane janareta shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831: idan maganaɗisu ya gilma kusa da nannaɗaɗɗiyar wayar tagulla, wuta takan gudana a cikin wayar. Wutar da ake samu ta haka mai kai-komo ce, wadda ma'aikatan lantarki suke kira AC. Kayan gida an ƙera su ne don wutar da take kai-komo sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, ko sau 60 a Amurka da wasu ƙasashen.

A janareta na gargajiya, gudun injin ne yake ƙayyade wannan adadi. Mai maganaɗisu mai kai biyu dole ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da kai-komo 50, ko sau 3,600 don ya ba da 60. Babu sassauci a nan. Ko waya ɗaya tak aka jona caji, injin zai ci gaba da ruri da cikakken gudunsa, yana ƙona mai a banza. Idan kuma aka ɗora masa kaya mai nauyi kwatsam, gudun ya ɗan faɗi, wutar ma ta faɗi tare da shi, shi ya sa ake ganin ƙwan fitila ya dushe sannan ya dawo.

Yadda yake aiki

Aikin yana bin matakai uku. Da farko injin, wanda galibi mai silinda ɗaya ne, yana juya wani faifan ƙarfe mai nauyi da aka jera masa maganaɗisai da yawa a ciki. Faifan yana kewaye da tarin nannaɗaɗɗun wayoyi da ba sa motsi. Saboda yawan maganaɗisan, wutar da take fitowa tana kai-komo sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ta layi uku, kuma ƙarfinta yana hawa da sauka tare da gudun injin. Wannan ɗanyar wuta ce, ba ta da amfani ga kowane kayan gida. Amma haɗe faifan da injin wuri ɗaya ya kawar da buƙatar babban kan janareta daban, wanda yake ƙara wa tsohon samfuri nauyi sosai.

Mataki na biyu, ɗanyar wutar tana shiga rektifaya, wani jerin ƙananan sassa da ba sa barin wuta ta wuce sai ta fuska ɗaya. Daga nan ta zama wuta mai tafiya kai tsaye, DC, irin ta batir. Manyan kafasita suna tara ta suna saki a hankali, kamar yadda tankin ruwa yake karɓar ruwan famfo mai zuwa da yankewa amma ya ba da shi a daidaice.

Mataki na uku shi ne inbatan kansa, kuma a nan ne ainihin gwanintar take. Wasu taransisto, wato ƙananan makunnan lantarki, suna kunna wutar suna kashewa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙaramar kwamfuta tana ba su umarni. Haka wutar take yankuwa gutsi-gutsi, amma ba daidai ake yanka gutsattsarin ba. Inda ake son ƙarfin wuta ya hau, sai a bar kowane gutsure ya ɗan daɗe a kunne. Inda ake son ya sauka, sai a taƙaita shi. Bayan an tace su ta cikin koyil, wato nannaɗaɗɗiyar waya, da kafasita, gutsattsarin sukan narke su zama igiyar wuta mai lanƙwasa sumul, mai hawa da sauka a hankali, sau 50 ko 60 cif a daƙiƙa. Agogon da ke cikin kwamfutar ne yake riƙe da wannan lissafi, ba injin ba.

Da zarar an 'yantar da injin daga wannan aiki, sai ya sami damar yin gudu gwargwadon buƙata. Kwamfutar tana auna yawan wutar da ake ja, tana kuma murɗa totur da wani ɗan ƙaramin mota na lantarki. Kaya kaɗan, injin ya lafa; aka ƙara kaya, ya tashi. Honda EU2200i, wanda ya shahara a wannan aji, misali ne mai kyau: nauyinsa kusan kilo 21, tankinsa yana cin lita 3.6, yana yin kimanin awa uku idan an cika masa kaya, amma ya haura awa takwas idan rubu'in ƙarfinsa kawai ake ja.

Tsabtar wuta da ƙara

Masu ƙera waɗannan injuna sukan ce karkacewar igiyar wutarsu ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, abin da ya yi kusa da wutar layi mai kyau. Wannan yana da muhimmanci ga kwamfuta, kyamara, na'urar taimaka wa numfashi lokacin barci da duk abin da yake da allon lantarki mai laushi a cikinsa. Ga tukunyar dafa ruwa ko dutsen guga kuwa, duk ɗaya ne.

Ƙarar tana raguwa ne saboda injin ba ya yawan kai wa ƙarshen gudunsa, ga kuma akwatin roba mai soso da aka rufe shi a ciki, da salansa mai kyau. A ma'aunin ƙarfin ƙara, yawancinsu suna tsakanin desibel 50 da 60 idan aka auna daga nisan mita bakwai, kusan ƙarar hirar mutane biyu. A wurin zango wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin maƙwabcin tanti ya zo ne ya ji kukan tsuntsaye. A gandun shaƙatawa na gwamnatin tarayyar Amurka, doka ta hana na'urar da ƙararta ta wuce desibel 60 a nisan ƙafa 50, kuma wuraren zango da yawa suna hana tayar da janareta da dare.

Iyakarsa

Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa, mutane kuma sukan ruɗe da babbar. Mai suna 2,200 yana iya ba da wat 2,200 na ɗan lokaci ne kawai. Abin da zai riƙe na tsawon awanni 1,800 ne. Duk na'ura mai injin lantarki mai juyawa a ciki, kamar firji ko iyakwandishan, tana jan ninki biyu ko uku na wutarta a lokacin tashi. Janareta na gargajiya yakan yi nishi ya jure, amma inbata yana kare taransistonsa ne ta hanyar yanke wuta nan take, jar fitila ta kama. Wanda yake son ƙari zai iya haɗa biyu da wata waya ta musamman, inbatocin su daidaita kai-komonsu da juna. A kan tsauni ma ƙarfin yana raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin 100 a kowace mita 300 ta hawa, saboda ƙarancin iska.

Ya fi na gargajiya tsada, kuma idan allon inbatan ya ƙone, ba a cika gyara shi ba, sai dai a sauya shi ɗungurungum. Sauran kulawar irin ta kowane ƙaramin inji ce: canjin baƙin mai, wanke matatar iska, duba fulogi, da tsiyaye fetur daga kafireto kafin a ajiye shi na watanni, domin tsohon mai yana daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyinsa.

Hatsarin hayaƙi

Rashin ƙararsa yana sa wasu su ɗauka ba shi da illa, wannan kuwa kuskure ne da yake cin rayuka. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa take kamawa, ta fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Ba a tayar da shi a cikin tanti, mota ko ƙarƙashin rufaffiyar rumfa, ko da ruwan sama ake yi. Hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar a ajiye shi aƙalla mita shida daga wurin kwana, bakin salansa yana kallon wani gefe. Sababbin samfura da yawa suna da na'urar da take kashe injin idan iskar ta taru a kusa da shi, sai dai tana auna iskar da ke gefen janaretan ne, ba wadda ta riga ta shiga tanti ba.