Biba da madatsarta: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wace dabba ce biba?

Dangin gafiya da gyazbi ce, amma a ruwa take rayuwa. Babba takan kai kilo 20 zuwa 30, wutsiyarta faffaɗa kamar filafilin kwalekwale. Iri biyu ne, ta Turai da Asiya da kuma ta Amurka ta Arewa, kuma ba sa haihuwa da juna.

Tana cin kifi?

A'a. Sau nawa za a faɗa? Ganye take ci, da ciyawar ruwa da ɓawon itace. Mai cin kifi karen ruwa ne.

Ta datse rafi, ruwa ya shiga mini gona. In rushe madatsar?

To, a nan sai an bi a hankali, don amsar ta danganta da ƙasar da kake da kuma yanayin rafin. Fara da doka. A Ingila tun Oktoban 2022 biba tana da kariya: madatsar da ba ta kai mako biyu ba kana iya cire ta, wadda ta wuce haka sai da lasisi. Ko da an ba ka izini, rushewa kaɗai ba kasafai take magani ba. Biba don ta nutsar da ƙofar gidanta a ƙarƙashin ruwa take gini, da ta ji ƙarar ruwa yana tsiyaya za ta fito da dare ta toshe. Ka rushe da safe, ta gyara kafin kwana biyu.

Abin da ya fi aiki shi ne bututu. A samo na roba mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 10 zuwa 12. A sare madatsar daidai inda ake son ruwan ya tsaya, a kwantar da bututun ta wurin, bakin da ke shan ruwa yana can nesa cikin tafkin, a kewaye shi da kejin waya mai kauri, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi. Kejin ma a rufe ƙasansa da waya, in ba haka ba ta tona ta shiga. Ita za ta yi ta liƙe madatsarta, ruwa kuwa yana bi ta bututu.

Kuskure uku ne ke ɓata aikin. Wasu ba sa huda saman bututun don iska ta fita, ba sa kuma danne shi da dutse, sai ya taso ya yi iyo. Wasu su ajiye bakinsa kusa da madatsar, ta ji jan ruwan ta cusa masa laka. Mafi yawa kuma haɗama ce: a janye ruwan gaba ɗaya. A bar mata zurfin da ya kusan mita ɗaya a bakin gidanta. In ka rage mata fiye da haka, ta matsa gaba kaɗan ta gina sabuwa, wataƙila a inda ya fi cutar da kai.

Kuma ba ko'ina dabarar ke ci ba. A shimfiɗaɗɗiyar gona mai lambatu, inda ƙarin ruwa na taƙi ɗaya ke jiƙa kadada guda, ko babban rafin da bututu ba zai ɗauke ruwansa ba, sau da yawa sai dai masu lasisi su kama ta su kai wani wuri.

Za ta cinye mini itatuwa duka?

Kwantar da hankalinka. Mafi yawan ɓarnarta ba ta wuce mita 20 daga bakin ruwa. Itacen da kake ji da shi, zagaye shi da waya mai kauri, tsayin mita ɗaya, ka bar tazara don ya yi kauri. Kada ka kawo wayar kejin kaji, lanƙwasa ta za ta yi.

In tana da wannan fitina, me ya sa ake dawo da ita?

Don aikin da take yi kyauta. Madatsarta tana rage gudun ambaliya, tana riƙe ruwa a lokacin fari, tana tace laka, kwaɗi da tsuntsaye su sami wurin zama. Farauta ce ta kusa ƙarar da ita, saboda gashinta da namanta da wani mai da ake haɗa turare da shi, har wajen 1900 saura kusan 1,200 a Turai da Asiya. Suwidin ta kawo daga Norwe a 1922, Sikotlan ta saki wasu a Knapdale a 2009, Ingila kuma ta bar na kogin Otter su zauna a 2020 bayan gwajin shekara biyar.

A kawo ta fadamar Haɗeja da Nguru mana?

Kada ma a fara. Biba ba ta taɓa zama a Afirka ba, mayarwa kuwa sai inda aka taɓa zama. A 1946 an kai guda 20 daga Kanada zuwa Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin Ajantina. Itatuwan wurin ba sa tofowa in an sare su, ga shi babu naman dajin da ke cin ta. Har yau Ajantina da Chile suna fama da ita.